Babi na Shida: Hana Ƙwayar Kansa Rabuwa

Barnett Rosenberg ba likita ba ne, ba kuma maganin kansa ya fita nema ba. Masanin fiziks ne a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, wanda wani hoto ya tsaya masa a rai: hoton ƙwayar halitta tana tsakiyar rabuwa gida biyu, siraran zare sun miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Zaren sun yi masa kama da layukan da garin ƙarfe ke yi a kewayen maganaɗisu, sai ya ce bari ya ga ko wutar lantarki za ta taɓa rabuwar. Ya zuba bakteriya a ruwan kiwonsu, ya tsoma sanduna biyu na ƙarfen filatinam, ya kunna wuta. Ya zaɓi filatinam ne saboda an san shi da kawaici, ba kasafai yake cuɗanya da wasu sinadarai ba. Bakteriyar suka daina rabuwa amma suka ci gaba da girma, suna ta miƙewa har wasu suka ninka tsawonsu sau 300.

Ashe ba wutar kanta ba ce ta hana rabuwar. Da shi da abokan aikinsa, ciki har da Loretta VanCamp, sun sha wahala kafin su gano cewa ɗan filatinam ɗin ne ke narkewa, ya haɗu da gishirin da ke cikin ruwan, ya zama wani sinadari da wani ɗan Italiya mai suna Michele Peyrone ya riga ya haɗa tun shekarun 1840, aka ajiye shi fiye da shekara ɗari ba a san amfaninsa ba. Sun buga labarin bakteriyar a 1965. A 1969 suka nuna cewa sinadarin na narkar da ƙari a jikin ɓeraye, kuma a 1978 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi. Shi ne sisfilatin. A hannun Lawrence Einhorn na Jami'ar Indiana, wanda ya haɗa shi da wasu magunguna biyu, kansar maraina da ta bazu a jiki ta tashi daga cutar da ke kashe akasarin samarin da ta kama ta koma wadda akasarinsu ke warkewa.

Domin gane abin da irin waɗannan magunguna ke yi, sai an san aikin da ke gaban ƙwaya mai shirin rabuwa. Aiki biyu ne. Na farko ta kwafi DNA ɗinta gaba ɗaya, wanda a jikin ɗan Adam yake ƙunshe cikin kuromosom 46. Na biyu ta raba kwafin daidai wa daida, kowace 'ya ta tafi da 46 nata, ba ƙari ba ragi. Don wannan rabon ne ƙwayar ke gina wani abu mai siffar mazarin da aka cika da zare, kauri a tsakiya, tsini a kai biyu. Zaren siraran bututu ne na wani furotin da ake kira tubulin, kuma ba sa zama wuri ɗaya: suna tsawo suna gajarta, suna lalube, har kowane kuromosom ya samu zaren da ya kama shi ta dama da wanda ya kama shi ta hagu. Akwai kuma tsarin tsaro a cikin ƙwayar da ke hana a ja zaren muddin ko kuromosom ɗaya bai kamu ba. Idan komai ya tafi daidai, cikin kimanin awa guda an gama. Idan aka tauye mazarin, ƙwayar kan tsaya tana jira, kuma in jiran ya yi tsawo sau da yawa takan kashe kanta. Bajamushe Walther Flemming ne ya zana matakan wannan rabuwa dalla-dalla a littafinsa na 1882, tun ba wanda ya san da me aka yi zaren.

Magungunan farko duk aikin kwafi suka kai wa hari. A 1942 a Jami'ar Yale, Louis Goodman da Alfred Gilman suka ba wani mai kansar kaluluwa wani ɗan'uwan iskar gubar nan da aka yi yaƙin duniya na ɗaya da ita. Ƙarin ya narke, ya dawo, mutumin ya rasu. A 1948 Sidney Farber na asibitin yara na Boston ya ba da rahoton yara 16 masu kansar jini da ya yi wa allurar wani sinadari da aka haɗa a ɗakin gwajin Yellapragada Subbarow, ɗan Indiya; 10 daga cikinsu suka samu sauƙi na ɗan lokaci. Daga dangin waccan guba ta yaƙi ne wani kamfanin Jamus ya haɗa saikulofosfamaid a ƙarshen shekarun 1950, kuma Afirka na cikin wuraren da aka fara ganin ƙarfinsa. Kansar nan da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, tana cikin masu saurin girma a duk kansar ɗan Adam, shi ya sa magani ke cin ta da sauri. Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru da ya koyar a Ibadan, na cikin waɗanda suka nuna cewa ana iya warkar da ita da magani kaɗai, kuma yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt.

Sai dai duk wanda ya yi jinyar mai shan irin waɗannan magunguna, wato kemo, ya san farashin. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, gudawa, ga jini ya yi ƙasa har ƙaramin zazzaɓi ya zama abin gudu asibiti da tsakar dare. Dalili ɗaya ne: saiwar gashi, fatar cikin baki da hanji, da ɓargon ƙashi mai ƙera jini, duk wurare ne da ƙwayoyin lafiya ke rabuwa ba dare ba rana. Maganin bai san wace ce ta kansa ba. Mai rabuwa kawai ya sani.

Waɗanda suka fara taɓa mazarin kansa daga tsirrai suka fito. Akwai wani fure ɗan asalin Madagaska, fari ko ruwan hoda, da ake shukawa don ado har a ƙofar gidajenmu. A Kanada, Robert Noble da Charles Beer sun gwada ganyensa suna neman maganin ciwon sukari, sai suka ga ya rushe fararen ƙwayoyin jinin ɓerayensu. Daga nan aka samo binbilastin, sannan kamfanin Eli Lilly ya fitar da binkiristin, wanda aka amince da shi a 1963, kuma har yau yana cikin ginshiƙan maganin kansar jini ta yara. Waɗannan suna hana tubulin haɗuwa ya zama zare. Taxol kuwa akasin haka yake yi. An sassaƙo ɓawon wata bishiya a dazukan jihar Washington a 1962, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana siffar sinadarin a 1971, amma sai a 1979 Susan Horwitz ta gano a New York cewa shi daskarar da zaren yake yi, ya hana su gajarta. Ko an hana zaren ginuwa ko an hana shi motsi, rabo dai ba zai yiwu ba. An amince da Taxol a 1992 don kansar ƙwan mace, daga baya aka ƙara da ta mama da ta huhu.

A nan masu haɗa sinadarai suka shigo da ƙarfinsu, kuma matsala biyu ce ta kira su. Ta farko ƙaranci. Bishiyar Taxol ba ta saurin girma, sassaƙe ta kashe ta ne, abin da ake samu a ɓawon kuma bai taka kara ya karya ba. Bafaranshe Pierre Potier da abokansa suka samo wani sinadari makusanci a ganyen 'yar'uwarta ta Turai, wanda ake tsinka ya sake tohowa, suka ƙarasa ginin a ɗakin gwaji. Daga wannan aiki aka samu Taxotere. A 1994 tawagar Robert Holton da ta K. C. Nicolaou kowacce ta gina Taxol daga tushe ba tare da bishiya ba, ko da yake hanyar ta yi tsawo da tsadar da ba za a yi kasuwanci da ita ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne eribulin. Asalinsa wani sinadari ne da masana Japan suka samo a 1986 daga wani soson teku, kuma ɗan mitsitsi ake samu daga tulin soson. Yoshito Kishi ya gina shi a Harvard a 1992, aka lura cewa ɓangare ɗaya na ginin ne ke yin aikin, sai kamfanin Eisai ya yanke sauran ya riƙe wannan. Duk da haka sai an bi matakai 62 kafin a haɗa shi. A babban gwajin da aka yi wa mata masu kansar mama da ta bazu, waɗanda suka riga suka sha wasu magunguna, matsakaicin tsawon rai ya tashi daga wata 10.6 zuwa wata 13.1. An amince da shi a 2010. Wata biyu da rabi ke nan, bayan aikin shekara 24, kuma a wannan fagen ana ƙirga shi cikin nasarori.

Wani dangin kuma, kombiretastatin, George Pettit na Jami'ar Jihar Arizona ne ya samo shi a shekarun 1980 daga wata bishiyar Afirka ta Kudu da ke gida ɗaya da gezar dajinmu. Gininsa mai sauƙi ne, don haka ɗakunan gwaji a ko'ina suka yi ta ƙera ire-irensa ɗari bisa ɗari, kuma har yanzu mujallun kimiyya cike suke da rahotannin sababbi da suka kashe ƙwayoyin kansa da aka kiwata a farantin gwaji. Kada mai karatu ya ce zai jiƙa geza ya sha. Dangantakar bishiyoyi ba ta nufin sinadarinsu ɗaya, kuma shi kansa kombiretastatin ɗin, bayan gwaje-gwaje masu yawa a jikin mutane, bai zama maganin da ake rubuta wa marasa lafiya ba.

Matsala ta biyu ta fi ta farko zurfi. Ba mazari kaɗai ke amfani da zaren tubulin ba. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa yatsun ƙafa, waɗanda tsawon wasu ya kai mita guda, a kan irin wannan zare suke jigilar kayansu, alhali su ba sa rabuwa. Shi ya sa masu shan binkiristin ko Taxol ke kukan tafin hannu da na ƙafa sun mutu, ko suna jin kamar ana tsira musu allura, wani ya kasa ɓalla maɓallin riga, kuma a wasu mutane abin ba ya sakin su ko bayan an daina maganin. Sai masana suka yi tunani mai kyau a takarda: a bar tubulin, a nemi wani furotin da ƙwaya ba ta buƙatarsa sai a cikin awa ɗayan nan ta rabuwa. Wanda ya toshe shi ya samu ƙarfin Taxol ba tare da ya taɓa jijiya ba.

A 1999 aka same shi. A Harvard, Thomas Mayer da ke aiki tare da Tim Mitchison da Stuart Schreiber ya gwada sinadarai 16,320 da aka haɗa a ɗakin gwaji, ɗaya bayan ɗaya a kan ƙwayoyi masu rai. Guda 139 suka tsayar da rabuwa. Ya ware waɗanda ke taɓa tubulin, ya duba ragowar a madubin ƙara girma, sai ya ga ɗaya ya yi abin da ba a saba gani ba: maimakon mazari mai kai biyu, ƙwayar ta gina mai kai ɗaya tak, zare sun fito daga tsakiya ta kowace fuska, kuromosom sun kewaye su. Sinadarin, wanda suka raɗa wa monastirol, ya toshe wani furotin mai suna Eg5, wanda aikinsa shi ne tafiya a kan zaren yana ture kawunan biyu su rabu. Monastirol kansa ba shi da ƙarfin zama magani, amma ya nuna ƙofa, kamfanoni kuwa suka yi rububin shiga. Cytokinetics da GlaxoSmithKline suka kai isfinesib gwajin asibiti. Wasu suka nufi wasu furotin biyu masu ba da umarni lokacin rabuwa, Aurora da Polo, aka samu alisatib da bolasatib da wasu da dama. A faranti sun yi aiki. A jikin ɓeraye sun yi aiki.

A jikin mutane kuwa rabin alkawarin ne ya cika, rabin da ba shi ake nema ba. Jijiyoyi sun tsira, kamar yadda aka yi hasashe. Amma ƙari bai motsa ba sai a ƙalilan ƙwarai, ɓargo kuwa ya sha kashi, har yawan maganin da za a iya bayarwa ya tsaya a inda fararen ƙwayoyin jini suka faɗi. An gwada isfinesib a kansa iri-iri aka ajiye shi. An dakatar da babban gwajin alisatib a wata kansar kaluluwa a 2015 da aka ga ba zai fi magungunan da ake da su ba. Bolasatib, na kamfanin Boehringer Ingelheim, ya fara da kyakkyawan fata a kansar jini ta tsofaffi, amma a gwajin ƙarshe waɗanda suka sha shi sun fi mutuwa da cututtukan da ke samun mai raunin garkuwa. Maganin da aka ƙera da ilimi da lissafi ya kasa, dafin ɓawon bishiya da aka tsinta bisa sa'a yana nan yana aiki. Me ya faru?

Amsa ɗaya ta fito daga Tito Fojo da abokan aikinsa a cibiyar binciken kansa ta gwamnatin Amurka a 2011, kuma lissafi ne mai sauƙi har ya ba da haushi. Ƙwayar kansa a faranti tana ninka kanta kusan kullum. Ƙarin da aka dasa wa ɓera yana ninkawa cikin 'yan kwanaki. Ƙarin mama ko na hanji a jikin mutum kuwa yakan ɗauki watanni kafin ya ninka. Ke nan a duk lokacin da magani ke yawo a jini, ƙalilan ne daga ƙwayoyin ƙarin ke cikin awar rabuwa, sauran ba ruwansu da Eg5. Ɓargo kuma kullum a cikin rabuwa yake. An ƙera makami mai kyau, amma jikin mara lafiya ya fi ƙarin tsayawa a gabansa. Su Fojo suka ce watakila Taxol na cin nasara ne saboda abin da ake zarginsa da shi, wato yana lalata zaren jigila har a ƙwayoyin da ba sa rabuwa. Mitchison da kansa ya rubuta a 2012 yana amincewa cewa akwai ɗaurin kai a nan.

Wata amsar ta zo a 2014 daga ɗakin gwajin Beth Weaver a Jami'ar Wisconsin, kuma ni ita ta fi gamsar da ni, domin ta je ta auna ne. An ɗebi tsokar ƙari daga matan da aka yi wa allurar Taxol ta farko, kimanin awa 20 bayan allurar, aka auna yawan maganin da ya shiga ciki. Bai kai yawan da ake buƙata don tsayar da rabuwa ba. Abin da aka gani a ƙarin shi ne mazari mai kai uku ko fiye, ƙwayoyi na ci gaba da rabuwa amma rabon ya hargitse, wata 'ya ta kwashi kuromosom da yawa wata ta rasa, daga baya su mutu. In haka ne, shekara da shekaru ana ƙoƙarin kwaikwayon abin da Taxol ke yi a faranti, ba abin da yake yi a jikin mace ba.

Duk da haka an samu sinadarin ɗakin gwaji da ya hana rabuwa ya kuma yi amfani, sai dai ta wata ƙofa ya bi. Leland Hartwell, Paul Nurse da Tim Hunt sun samu kyautar Nobel a 2001 saboda gano furotin ɗin da ke ba ƙwaya izinin wucewa daga mataki zuwa mataki. Biyu daga cikinsu, CDK4 da CDK6, su ke buɗe hanya tun kafin a fara kwafin DNA. A wannan shekarar ce masana a tsohon kamfanin Parke-Davis, wanda ya riga ya koma hannun Pfizer, suka haɗa wani sinadari da ke toshe waɗannan biyu ya bar sauran danginsu. Gwajin farko a kan marasa lafiya barkatai bai nuna abin kirki ba, ya yi shekaru ba mai waiwayarsa. Richard Finn da Dennis Slamon na Jami'ar California a Los Angeles ne suka gwada shi a kan ire-iren ƙwayoyin kansar mama masu yawa, suka ga waɗanda sinadarin mata na isturojin ke ciyarwa su ne ke jin sa. Aka haɗa shi da letirozol, maganin da ke rage isturojin, aka ba irin waɗannan mata kawai. Lokacin da cutar ke ɗauka kafin ta ci gaba ya tashi daga wata 10.2 zuwa wata 20.2. A Fabrairun 2015 aka amince da shi da sunan Ibrance, ƙwayar haɗiya da ake sha kwana 21 a huta kwana 7. Gaskiya kuma sai a faɗe ta duka: a babban gwajin da ya biyo baya bai nuna ƙarin tsawon rai da za a kafa hujja da shi ba, ɗan'uwansa Kisqali na kamfanin Novartis ne ya nuna hakan. Shi ma yana rage fararen ƙwayoyin jini, ko da yake ba kamar kemo ba.

Sinadarin bai canja ba tsakanin shekarun da aka yi watsi da shi da shekarar da ya zama magani; mara lafiyar da ta dace aka samo masa. Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye, domin ba a sanin wace ce ta dace sai an ɗebi tsokar ƙarin an yi mata gwaji na musamman. Wani bincike da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jagoranta, aka buga a 2009, ya duba tsokar ƙarin mama daga Najeriya da Senegal ya samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da alamar isturojin, alhali a matan Turai da fararen Amurka su ne mafi rinjaye. Wasu binciken na baya sun samu adadi mafi yawa, kuma ana ganin yadda ake adana tsokar kafin ta isa ɗakin gwaji na iya ɓoye alamar. Ko wanne ne daidai, macen da aka yi wa fiɗa ba a gwada tsokarta ba, ko aka bar tsokar ta lalace a hanya, ba ta da hanyar sanin ko wannan magani nata ne, ko da tana da kuɗinsa.

Masu neman toshe mazari ba su haƙura ba, sun dai canja tambaya. Yanzu abin da suke nema shi ne furotin da ƙwayar kansa ke buƙata wajen rabuwa amma ta ɓargo ba ta buƙata. A 2021 tawagogi uku daban-daban suka nuna wani mai suna KIF18A, wanda ke daidaita kuromosom su jeru a tsakiyar mazari. Ƙwaya mai cikakken adadi na iya rabuwa ba tare da shi ba, amma yawancin ƙwayoyin kansar da adadin kuromosom ɗinsu ya riga ya hargitse, irin na kansar ƙwan mace mai tsanani, sukan maƙale in an cire shi. Kamfanin Amgen ya haɗa sinadarin da ke toshe shi, daga baya ya miƙa shi ga wani ƙaramin kamfani mai suna Volastra, aka shiga gwajin matakin farko a jikin mutane. A wannan mataki tambayar ita ce yawan da jiki zai iya ɗauka, kuma cikin abubuwan da likitoci ke fara dubawa a kowane zagaye akwai adadin fararen ƙwayoyin jini.